Ku Fito da Rabin Hoton da Kuka Yanke

Zuwa ga Babban Editan mujallar nan ta Turanci da ake bugawa a Legas, wadda ta sa hoton ƙanena a bangonta na gaba.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta mutunci, ina fatan kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna lafiya, kuna shiga gidajenku kuna fita ba tare da waige-waige ba. Mu dai a nan Jos ba za mu iya cewa haka ba.

Sunana Haruna. Sana'ata gyaran keke ce, a wata rumfa a Nasarawa Gwom da na gada wurin mahaifina. Kakana ya zo garin nan tun zamanin haƙar kuza, a nan aka binne shi. Ban ambaci sunan mujallarku ba saboda lauya ya ja mini kunne, tunda magana tana gaban kotu, amma kun san kanku, mu ma mun san ku. Da Hausa nake rubutawa domin da ita nake jin haushi. Abokina Okechukwu, da muke kira Oke, zai juya ta zuwa Turanci ya aiko muku, ya kuma sa duka biyun a shafinmu na intanet, don kada ku ce ba ta iso ba, kamar yadda kuka ce game da ta farko cikin guda ukun da suka gabace ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙanena Murtala, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne, wata na bakwai ke nan yana gidan yari. Ana tuhumarsa da haɗa baki wajen ƙona gida da kashe mai gidan. Lauya ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa idan aka same shi da wannan laifi, hukuncinsa rataya ce. Mai gabatar da ƙara ba shi da mutumin da ya ga Murtala a wurin, ba shi da makami. Abin da yake ɗagawa a kotu bangon mujallarku ne. Saura mako biyu a koma zama, alƙali kuma ya ce daga wannan ba zai ƙara ɗagewa ba. Don haka ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da shayinka zai huce.

Na ɗaya. Su wa ne mu.

Kun rubuta cewa mu gungun 'yan ta'adda ne da ke yawo a kan keke muna leƙen asirin unguwanni. Bari in gaya maka yadda wannan babban gungu ya samo asali. Lokacin da kasuwar Terminus ta ƙone, shagon Oke na kayan keke ya tafi a ciki. Kwali huɗu ya tsira da su, na tiyub da sarƙa da birki, ya kawo su rumfata muka raba inuwa. Ciniki ya mutu, zama ya ishe mu, sai wata Asabar muka hau kekuna muka tafi Bukuru don kawai jini ya motsa. Mako na biyu Murtala ya bi mu. Kafin shekara ta zagayo mun kai mutum talatin: teloli, malaman makaranta, makanikai, wani mai yankan gilashi, Hausawa da Ibo da Birom da Yarbawa, kowa da kekensa, daga mai giya goma sha takwas har tsohon keke mai birkin ƙarfe da wani ya gada wurin ubansa. Asabar muka zaɓa saboda Juma'a tamu ce, Lahadi tasu. Muna tashi bayan sallar asuba, mu bi ta Terminus, mu miƙe Bukuru, mu zagaya ramukan kuza, mu dawo kafin azahar.

Shafin namu kuwa, wanda ake kira bulog, wanda kuka ce a nan muke raba umarni, Oke ne yake zuwa kafe, wato shagon intanet, kowace Litinin yana rubuta shi. Wa ya zo na ɗaya, wa ya faɗi a kwata, wa ya sauka ya tura kekensa a tudu ya rantse sarƙa ce ta zame, yadda ake faci idan gam ya ƙare a daji. Masu karanta shi ba su cika motar bas ɗaya ba, rabinsu 'yan Jos ne da suka tafi wasu ƙasashe suna kewar gida. Abin da ya fi kama da ta'addanci a shafin nan kaf shi ne hoton tumbin wani malamin lissafi yana hawan tudun Bukuru.

Na biyu. Alamar.

Hanyarmu doguwa ce, mutane suna rarrabuwa, mai ƙarfi yana gaba, mai tumbi yana baya, sabon shiga kuma bai san gari ba. Saboda haka muke zana kibiya da farar ƙasa a kan dutse ko bango a kowace mararraba. Sannan akwai gidajen da masu su suka yarda su riƙa ajiye mana bokitin ruwa da kofi a bakin ƙofa ranar Asabar. Waɗannan muna zana musu zobe da ɗigo a tsakiya, a gefen ƙofa, don wanda ƙishirwa ta kama ya san nan zai tsaya ba tare da jin kunya ba. Ba mu taɓa zana wa kowa ba sai da izininsa. Gida tara ne, biyar na Kirista, huɗu na Musulmi, kuma sunayensu suna nan a shafinmu tare da godiya. Ruwan sama yana wanke farar ƙasa, don haka kowane ƙarshen damina a sake zanawa. Murtala aka ba wannan aikin saboda hannunsa ya saba da alli a kan yadi, zobensa yana fita cif ba karkacewa.

Wannan jerin gida tara shi kuka buga a cikin akwati mai jan layi, kuka ce jerin gidajen da za a kai wa hari ne. Kalmar godiya da ke samansa kuka bar ta a inda kuka same ta.

Na uku. Wakilinku.

Wata kusan biyar kafin rikicin, wani saurayi ya zo rumfata da kyamara biyu a wuya, ya ce daga mujallarku yake, ya ga shafinmu, yana son ya rubuta yadda mutanen addini biyu suke hawan keke tare a Jos. Wallahi mun ji daɗi. Na ba shi aron keken da ya fi kowanne a rumfata, na rage masa sirdi da hannuna. Ya kwana biyu a ɗakin baƙinmu, matar Murtala ta dafa masa gwate ya sha har da neman ƙari. Ranar Asabar ya bi mu, tun kafin mu bar gari ya fara haki, muka riƙa jiransa a kowace kwana muna yi masa dariya, shi ma yana dariyar.

Ranar ta zo daidai da sabunta alamomi. Gida na shida a hanyarmu na Oga Innocent ne, wani ɗan Ibo mai sayar da taya, wanda ya fi shekara ashirin a hanyar Bukuru. Matarsa, Mama Chika, ita ce take cika mana bokiti, wani lokaci har da lemo a yanke. Ran nan ta riga ta tafi kasuwa, mai gidan ne ya fito da zani a ɗaure, ya ce da Murtala, "Tela, kawo gwangwani ni na riƙe maka, kai yi zane mai kyau, na bara ya karkace kamar bakina." Ya riƙe gwangwanin farar ƙasa, Murtala yana tsoma buroshi yana zanawa, su biyun suna dariya, ga bokiti da kofuna a ƙafarsu. Wakilinku ya ɗauki hoton. Ya juyo bayan kyamara ya nuna mana, mu fiye da goma muka leƙa muka gani. Ya ce wannan shi ne hoton da ya fi kyau a duk tafiyar.

Labarin bai fito ba. Da Oke ya tambaye shi ta waya, ya ce ofis sun ce mutane suna hawan keke lafiya ba labari ba ne.

Na huɗu. Rikicin.

Ba sai na ba ka labarinsa ba, kun sayar da mujalla da shi. Abin da na gani da idona kaɗai zan faɗa. Na ga hayaƙi ya rufe gari ta fuska uku. Na ga an dawo da maƙwabcina a kan ƙyauren ɗaki, kansa a rabe. Na ga wani da nake yi wa faci tun yana firamare yana gudu da adda, idonsa bai gane ni ba. Kwana biyu muna kulle a gida, ni da Murtala da matanmu da mahaifiyarmu, Oke da iyalinsa kuma suna ɗakin tsakiya, mun jingina injin ɗinki a bayan ƙofa. Murtala bai taka waje ba, ko masallaci bai je ba. Na faɗa wa kotu haka, Oke ya faɗa, aka ce ɗan'uwa da aboki ne, me za su ce dama.

A rana ta biyu aka ƙona gidan Oga Innocent. Ya tura matarsa da 'ya'yansa ta katangar baya, shi ya tsaya ya tare ƙofa. A bakin ƙofar aka sassare shi, aka jefa shi cikin tayoyin shagonsa suna ci da wuta. Wanda ya aikata, Allah ya sani, kuma ba na yi masa fatan alheri, ko daga unguwarmu ya fito. A layin nan gida goma sha wani abu aka ƙona, kuma ɗaya ne kawai mai alamarmu. Sauran gida takwas ɗin da muka zana wa, a wurare daban-daban, ko ƙyaure ba a taɓa musu ba. Da kun aiko ko mai shara ne ya ƙirga, da ya gaya muku. Murtala ya yi kuka a kan mutumin nan kamar ubansa ne ya mutu.

Na biyar. Abin da kuka buga.

Mako uku bayan ƙura ta lafa, mujallarku ta shigo gari. A bango ga Murtala, fuskarsa tar, ƙyallen da muke rufe hanci da shi saboda sanyin safiya yana rataye a haɓarsa, buroshi a hannu, yana zana zobe a bangon gidan da kowa ya san an kashe mai shi. Kun yanke hoton daga dama, kun yanke shi daga ƙasa. Ba bokiti, ba kofuna, ba Oga Innocent. Abin da ya rage nasa hannu ne kawai, daga wuyan hannu zuwa yatsu, riƙe da gwangwani a bakin hoton. A ƙasa kuka rubuta cewa haka 'yan keke suke yi wa gidaje alama kafin a zo a ƙona su. A ciki kuka sa adireshin shafinmu, inda sunan kowa yake ƙarƙashin hotonsa. Ba ku kira ni ba, ba ku kira Oke ba, alhali lambobinmu suna wayar wakilinku.

Ranka ya daɗe, ka san abin da mai gabatar da ƙara yake tambayar ƙanena a kowane zama? Yana nuna hannun nan yana cewa, wannan abokin aikin naka wane ne, me ya sa kake ɓoye shi? Murtala ya ce hannun mai gidan ne. Kotu ta yi dariya, har da masu gadi. Ni ina zaune a benci na uku na ji dariyar nan, kuma har gobe tana kunnena.

Na shida. Abin da ya biyo baya.

Ku kuna buga mujalla don masu karanta Turanci a falo. A nan ba haka take tafiya ba. Kwana biyu tsakani, fotokwafin bangon nan ya cika gari, ana miƙa shi hannu da hannu a tasha, ana liƙa shi a jikin falwaya. Wanda bai iya karatu ba ya ga hoto, hoto kuma ya ishe shi. Can suka ce Hausawa ne suke yi wa gidajen Kirista alama. Nan kuma aka duba jerin, aka ga gida huɗu na Musulmi, aka ga sunayen Ibo da Birom a cikinmu, aka ce mu ne muke kawo baƙi su auna gidajen mutane. Kun samu abin da ba a taɓa samu ba a Jos tun da aka fara rigima, ɓangare biyu sun yarda da magana ɗaya, cewa ɗan keke abin kashewa ne.

Ranar Alhamis da la'asar samarin unguwarmu suka zo rumfata, 'ya'yan mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci. Suka fito da kekunan mutane goma sha ɗaya da aka kawo gyara, suka tattake su, suka lanƙwasa gargare, suka yayyanka taya. Suka watsa kayan Oke a kwata. Ɗaya ya shaƙe mini wuyan riga ya haɗa kaina da ginshiƙi, haƙorina na gaba a nan ya zauna. Da limamin unguwa bai fito ba, da rumfar ma sun cinna mata wuta. A ranar aka jefi wani malamin makaranta da dutse a kan kekensa a wata unguwa, mutumin da bai taɓa jin sunanmu ba.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada ka ce naku kaɗai nake gani. Masu gidaje takwas ɗin suka shiga tsoro, kowa yana aiko mana cewa mu zo mu cire masa abin nan daga bango. Mu kuma a al'adarmu wanda ya zana shi yake sharewa, ya yi wa mai gida godiya, kada a ce mun ci ruwan mutum mun bar masa ɓarna. Farar ƙasa da ta kama siminti ba ta fita da ruwa, sai dai a shafe ta da wata. Ni na ce da Murtala ya ɗauki gwangwani ya je ya shafe su. Ni na dama masa farar ƙasar. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba yadda za a ga mutumin da ke bangon mujalla tsaye a jikin katangar wani da buroshi a hannu. Shekara huɗu muna yin abin nan da rana tsaka mutane suna yi mana sannu, sai muka ɗauka har yanzu haka ne.

Ranar Asabar da hantsi suka tafi shi da Oke. Sun shafe uku lafiya. A na huɗu, kusa da wata mararraba a hanyar Bukuru, wata mata ta ɗaga murya ta ce ga shi nan. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Oke na ji, sauran kuma na karanta a jikin ƙanena. Kan ka ce kwabo an kewaye su. Aka fizgo Murtala ta baya, kansa ya bugi dakali. Aka rufe shi da duka, da gora, da bulo, da sarƙar kekensa da aka tsinke. Wani ya juye masa gwangwanin a fuska, farar ƙasa ta shiga idonsa, na hagun har yau ba ya gani da shi. Sannan suka ce a kawo hannun da yake zane. Mutum biyu suka take masa kafaɗa, aka shimfiɗa hannayensa a kan dutse, wani ya ɗaga bulo ya sauke, ya ɗaga ya sauke, dama da hagu, har yatsun suka daina kama da yatsu. Oke ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa, yana ihu da Ibo, yana ihu da Hausa, yana kiran sunan cocinsa, yana cewa, "Ɗan'uwana ne, ruwa ne, alamar ruwa ne!" Aka fasa masa kai da gora, aka ja shi gefe da ƙafa. Aka rataya wa Murtala tayar mota a wuya, wani ya zuƙo fetur daga tankin acaɓa ya watsa masa. Ana neman ashana motar sintiri ta sojoji ta karyo kwana. Tsakanin ƙanena da toka, ashana ɗaya ce da ba a samu da wuri ba.

A asibiti na same shi, an ɗaure ƙafarsa da ankwa a jikin gado, saboda hannun ba inda za a sa ta. Wanda yake gadinsa yana riƙe da fotokwafinku. Cikin waɗanda suka yi masa wannan aiki ba a kama ko ɗaya ba.

Na bakwai. Wannan ban so rubuta shi ba, Oke ne ya ce dole.

Washegari da safe na shiga rumfa na ɗauko addar da nake sare ciyawa da ita, na zauna na wasa ta a kan dutsen da nake wasa almakashin mutane. Ni da ko kaza sai an yanka mini. Na san mararrabar, na san layin, kuma a lokacin ban damu da wa zan samu ba, duk wanda ya fara fitowa ya ishe ni. Na naɗe ta a buhu na ɗaure a kariyar keke. Ina fito da keken sai ga Oke a bakin rumfa, kansa naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Ya kama kan keken da hannu biyu. Ya ce, "Oga Haruna, in za ka je, fara da ni, ni ma ɗan can ne. In ka tafi da wannan abu, mujalla ya faɗi gaskiya ke nan, gobe su sa naka hoto, ba su buƙatar yanke komai." Na zage shi, na ture shi ya faɗi, ya tashi ya sake kamawa. Mun fi rabin awa a haka, har ƙarfina ya ƙare na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro. Ka ga inda kuka kai ni. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa zubar da jinin kowa ba, amma ran nan saura ƙiris abin da kuka ƙaga a kaina ya tabbata.

Na takwas. Amsoshinku.

Wakilinku ya ɗauki waya sau ɗaya. Ya ce ba shi ya yanke hoton ba, ba shi ya rubuta abin da ke ƙasa ba, ya miƙa duk hotunan ga ofis tun da ya dawo, yanzu ma ya bar aikin. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Wasiƙarmu ta farko kuka ce ba ta zo ba. Ta biyu kuka ce mai kula da hotuna yana hutu. Ta uku, da lauya ya rubuta, sakatariyarka ta amsa da layi biyu cewa mujalla tana nan a kan labarinta, kuma ba al'adarku ba ce ku ba da hotunan da ba ku buga ba. Madalla da al'ada. Mu ma al'ada ce ta kai mu inda muke, amma mu mun yarda tamu ta yi kuskure.

Za ka ce me ya hana mu kawo Mama Chika ta yi shaida, ita da ta san ma'anar zoben. Mun nema. Bayan an binne abin da ya rage na mijinta ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu a gabas. Sau biyu Oke yana tafiya, a na biyun ya same ta a gidan wanta. Ashe mujallarku ta riga shi isa, wani ya kai mata har gida. Ba ta bar shi ya zauna ba. Ta ce, "Shekara uku ina ba su ruwa da hannuna, ashe gidana suna aunawa." Oke ya ce mata mijinki ne ya riƙe gwangwanin. Ta ce ba ta nan ranar, ita abin da ta gani a takarda ta gani, in gaskiya ne ya nuna mata fuskar mijinta a hoton. Ta rufe ƙofa. Ban ga laifinta ba, mace ce da aka ƙona mata miji. Cikin mutum biyun da za su iya wanke ƙanena, ɗaya kun juyar mata da zuciya, ɗayan kuma yana kabari.

Saboda haka ga buƙatuna, ba su da yawa.

Ku fito da hoton nan cikakkensa, yadda ya fito daga kyamara, da ranar da aka ɗauke shi, ku miƙa wa kotu ta hannun lauyanku ko namu kafin ranar zama. Yana cikin kwamfutarku, aikin minti biyar ne. Ku buga shi a bangon gaba, daidai girman wancan, ku rubuta a ƙasa cewa alamar ruwan sha ce, kuma mai gidan ne yake riƙe da gwangwani. Kada ku ɓoye gyaran a shafin ƙarshe kusa da tallan sabulu. A nan bango ake fotokwafi, ba wanda yake buɗe ciki. Sannan wanda ya yanke hoton, ban nemi a kore shi ba, ban nemi sunansa ba, gara ma kada in sani. Ka dai kira shi ofishinka ka karanta masa sashe na shida da bakinka.

Diyya ba na so. Ba abin da za ku bayar da zai sa Murtala ya ƙara zura zare a allura.

Jiya Talata na je gidan yari. Ya rame, wani fursuna ne yake ɗaure masa maɓallin riga. Bai tambaye ni lauya ba, bai tambaye ni alƙali ba. Tambayar da yake yi mini kowane mako ita ya yi: "Yaya, an samu Mama Chika?" Ya ce shi rataya ba ta tsorata shi kamar matar nan ta ji a bakin mutane cewa shi ya nuna gidanta. Ya ce in dai an same ta shi ke nan, ita ta san shi, ba za ta taɓa yarda ba. Na ce masa ba a same ta ba tukuna. Wata biyu ke nan ina yi masa wannan ƙarya, ina kallon idonsa guda. Talata mai zuwa zan koma, zai sake tambaya, kuma abin da zan ce masa yana hannunka.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare maka 'ya'yanka, ya sa kada ka taɓa tsayawa a bakin gadon asibiti kana neman inda za ka riƙe a jikin ɗan'uwanka. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a garin nan, namu da nasu, ya ba ka ikon yin abin da ya dace tun da sauran lokaci.

Wassalam, daga wanda yake jiran amsarka a bakin kotu,

Haruna mai gyaran keke,
Nasarawa Gwom, Jos.